Gyambon Goɗiyar Tudu

Hafsan soja na shigowa bargar dawakan da ke jan tarago a Istanbul don kwashe su zuwa yaƙi, wani mai zane ya cusa burushinsa a aljihu. Shekara uku yana zana goɗiyar da ke taya tarago hawan tudu. Yau a jikinta ya yi aikin, ya ɗora mata gyambo jajir a kafaɗa.

"Efendi, wannan ta gama yawo," in ji tsohon matuƙinta, yana rusuna wa hafsan. "Ko mahauci ba zai karɓe ta ba."

Hafsan ya dangwala yatsa a gyambon, ya sansana. Fenti ne. Tsohon ya runtse ido.

"Usta, gwanin zane," hafsan ya dubi mai zane, "hoton goɗiyar nan da ka rataye a shagon shayi, ka san matar da ke tagar tarago da kwando?"

"A'a, Efendi."

"Uwata ce. Gwiwarta ba ta iya tudun nan."

Ya goge yatsa a wando, ya ce wa magatakardansa, "Rubuta, ba ta moruwa."

Sai a bakin ƙofa ya waiwayo. "Bar fentin ya bushe, Usta. Gobe wani hafsan zai zo."