Madarar Aro

"Juye, juye! Ga motarsu can a ƙofa!"

Mai shanu na haki, matarsa na tuttula kwalaben madara cikin bokiti. Tun da safe ya ji ƙishin-ƙishin masu duba lafiyar madara za su zo, shi kuwa ya san tasa: rabi daga saniya, rabi daga famfo. Idan aka gano, rufe wurin za a yi. Shi ya sa ya aike ta kanti ta sayo ta babban kamfani, mai hatimin gwamnati.

Wata jami'a daga cikinsu ta yi sallama, ta tsoma ma'auni a bokitin, ta ɗaga gira.

"Malam, shanunka a kogi suke kwana? Rabin wannan ruwa ne."

"Ruwa? Haba Hajiya, sake aunawa!"

Ta sake. Ba abin da ya canja.

Matar ta taka masa ƙafa, amma bakinsa ya riga ya suɓuce. "Wallahi ma'auninki ne ya lalace! Wannan fa ba tawa ba ce, ta kamfani ce! Ga kwalaben can bayan ƙofa!"

Jami'ar ta ɗauki ɗaya, ta yi murmushi.

"Ai irin wannan kwalbar ce ta kawo mu. Jiya muka je kamfanin. Direbansu ya ce kullum a ƙofarka yake cika tanki da madararka."

Ta ciro kwaɗon kulle ƙofa daga jaka.

Matar ta leƙa bokitin. "Maigida, ashe kayanka ne suka gane gida."