Ƙwayar 'Yar Wanzami

Malam Kashim ya ɗora Furera a kan sikeli, ya duba, ya ja tsaki. Ta ƙara ramewa. A shekarar nan kowa ramewa yake yi a ƙauyukan Tsanyawa, gero ya ƙi, tuwo sau ɗaya a wuni. Amma ramar Furera ta fi damunsa, domin da nauyin yaro ake auna masa ƙwayar farfaɗiya. Nauyi yana sauka, ga uba kuma yana neman a ƙara magani.

Uban shi ne Iliyasu wanzami. Askin suna, kaciya, ƙaho, duk yankin shi ake kira. Mutum ne da manya ke miƙa wa wuya su rufe ido, mata su miƙa masa jariri ba fargaba. Duk wata shi yake kawo 'yarsa ɗakin shan magani da kansa, a ƙafa, wai keke yana sa ta jiri. Uwar ba ta taɓa zuwa ba.

Kashim, ma'aikacin lafiya ɗaya tilo a wurin, bai taɓa ganin uba mai lura irinsa ba.

"Likita, kafin ciwon ya zo sai warin ƙonannen gashi, sannan wani abu ya taso daga ciki zuwa maƙogwaro," in ji Iliyasu. "In ya lafa kuma sai ciwon kai, harshe duk a tattaune. Jiya ma ya tashi."

In aka tambayi Furera, sai ta kalli ubanta ta sunkuyar da kai.

Shekararta tara, amma gari ya riga ya gama da ita. An ware mata kwanonta da moɗarta. A islamiyya can baya take zama ita kaɗai, wai kada yawunta ya taɓa wani. In ta doso rijiya 'yan mata su watse suna toshe hanci. Kashim ya yi bayani har ya gaji cewa ba a ɗaukar ciwon nan, ina! Waɗanda suke gudun 'yar su ne kuma suke yi wa uban sannu da ɗawainiya.

Da kaɗan Kashim ya fara mata fenobabiton, ƙwayar farfaɗiyar, yadda ƙa'ida ta ce, yana ƙarawa sannu a hankali wata bayan wata. Yanzu an kai maƙura. Abin da yake ba shi mamaki shi ne ƙarfin yarinyar. Wasu yaran rabin wannan yana sa su gyangyaɗi, ita kuwa idonta tar.

"Malam Iliyasu, ƙwayar nan fa ba gyaɗa ba ce," in ji Kashim. "In ta wuce ƙima numfashi take dannewa, in aka yanke ta kwatsam kuma ciwon ya dawo da mugun ƙarfi. Ba zan ƙara ba. Ina zargin a gida ake tsallake mata lokaci. Ka bar min ita a nan wajen Inna Hure ungozoma, ni zan riƙa ba ta da hannuna, mu gani."

Iliyasu ya ce uwarta ba za ta yarda ba. Ya ce yarinyar ba ta iya barci a baƙon wuri. Ƙarshe ya roƙa a ba shi ko rabin kwalbar ya ajiye a gida saboda tsaro. Kashim ya ce babu buƙata, ya zazzago ƙwayoyin a tafinsa, ya miƙa wa Furera da ruwa. Ta ɗaga ido ta dubi ubanta. Yana tsaye kawai, zabirar askinsa a kafaɗa. Ta haɗiye.

Kwanaki suka shuɗe, ko sau ɗaya ba ta faɗi ba. Kashim har da murmushi, ai ya faɗa. Sai dai ta fara tafiya tana tangaɗi, magana tana fita da ƙyar, loma tana faɗuwa daga hannunta. Ya ce yunwar bana ce ta raunana ta, ya sa Inna Hure ta dama mata kunu.

Kullum da hantsi Iliyasu yana zuwa. Ya tsuguna a bakin ƙofa yana gumi, idonsa yana kan durowar magani. Ya ga 'yarsa tana lilo kamar tsumma, ya ga an sake miƙa mata ƙwaya, ya tashi ya tafi. Tausayinsa ya kama Kashim ƙwarai.

Ran kasuwa da safe Furera ba ta farka ba. Inna Hure ta girgiza ta, ta yayyafa mata ruwa, shiru. Numfashin yana fita a hankali, a daɗe kafin wani ya biyo. Hankalin Kashim ya tashi. Wannan alamar wanda aka ɗura wa magani mai yawa farat ɗaya ce, ba ta wadda jikinta ya saba da shi tun bara ba. Ya aika a nemo motar Kano, ya aika a kira Iliyasu.

Maimakon Iliyasu sai ga wata mata a guje, ba takalmi, mayafi yana jan ƙasa. Safara'u ce, uwar Furera. Ta durƙusa ta rungume 'yar tana salati.

"Baiwar Allah, ki gaya min gaskiya," in ji Kashim. "A gida ma haka ƙwayar take yi mata?"

Safara'u ta ɗago, fuskarta sharkaf da hawaye.

"Likita, yarinyar nan a hannunka ta fara shan ta. Tun da na haife ta ba ta taɓa faɗuwa ba. Mai ciwon yana can gida a tsakar ɗaki tun asuba yana kumfa, ya ce in na bari wani ya gani a bakin aurena."