Ɗan Ɗura a Gindin Rijiya

Ke Ladidi, sakar wa yaron nan hanci, ajiye ludayin kunun, ki ji wani misali.

An yi wata mata mai ɗa guda, ta ɗora masa son duniya. Tun yana goye, in ya kau da kai daga kunu sai ta danne shi a cinya, ta toshe masa hanci ta ɗura. Da ya fara magana, in ya ce ya ƙoshi, ta ce ina, cikin bai tashi ba. In ya ce zafi yake ji, ta ce sanyi ne, ta ƙara masa zane. Ya ce kansa na sara, ta dafa goshinsa ta ce lafiyarsa lau. Ba mugunta ba ce, so ne. Amma a hankali yaro ya daina sauraron jikinsa, ko tambayarsa aka yi ko yana jin yunwa, sai ya dubi fuskar uwar. Haka ya girma har ya yi gemu, ga ladabi, kowa na yabo, ya kama sana'ar haƙar rijiya.

Wata rana aka kira shi da abokin aikinsa yasar wata tsohuwar rijiya mai zurfi. Irin wannan, iskar gindinta takan ɓaci, ba wari ba hayaƙi, ƙirjinka ne kawai zai gaya maka. Abokin ya fara sauka. Da ya ji ƙirji ya yi nauyi, kunne na ƙara, bai yi shawara da kowa ba, ya girgiza igiya aka jawo shi. Mutane suka yi ta dariya, wai rago. Sai ɗan matar nan ya sauka. Shi ma ya ji abin da wancan ya ji, numfashi na tsinkewa, ƙafa ta yi sanyi. Maimakon ya girgiza igiya, sai ya ɗaga kai ya tambayi na sama ko ya kamata ya fito. Su kuwa suna tsaye cikin iska mai daɗi, suka leƙa suka ce ai garau yake, laka saura kaɗan. Ya yarda da su, ya sunkuya ya ci gaba da cika guga. Da ƙugiya aka fito da gawarsa.

To, ɗanki da ya kau da kai, magana ya yi miki, bakin ne bai buɗe ba tukuna. Bar shi ya san cikin nan nasa ne. Ai Hausawa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.