Layin da Ya Karye a Monitan Namadi

Ana cikin bugun kwana Namadi ya fara ganin abin. Farin layin gefen fili ya karye, rabinsa ya goce ya bar rabi, kamar an yaga hoton an mayar ba daidai ba. Kafin ya dawo da hankalinsa, an zura masa ƙwallo.

Namadi manomin shinkafa ne a Bagudo, amma ba da shinkafa aka san shi ba. An san shi ne da wasan ƙwallo na kwamfuta. Duk bayan girbi samarin Tsamiya da na Segbana, can tsallaken iyakar Benin, sukan haɗu su kara, kuma shi ake ɗaukowa a babur ya fid da mutanen Najeriya kunya. A bana, yaran unguwa ma sun fara cin sa.

Ya binciki abin a wayarsa har ya gano sunan cutar. Kwamfuta tana turo hoto da saurinta, monita yana nunawa da nasa, in ba su zo daidai ba sai hoto ya tsage. Maganin shi ne monita mai VRR, wanda ke sassauta gudu ko ya ƙara don ya bi kwamfutar sau da ƙafa. Ya bayyana wa matarsa Safina wannan dalla-dalla. Ta tsaya bayansa ta kalli wasan, ta ce ita dai ba ta ga komi ba. Ya ce ai shi ya sa ba ita ake ɗaukowa a babur ba.

Damina ce ta ƙarancin haƙuri a wurinsa. Ya mayar wa tela da riga saboda aikin wuya ya karkace. Ya yi wa magini faɗa a kan dokin ƙofar sabon ɗaki, maginin ya ɗora ma'auni, ya dube shi, ya tattara kayansa ya tafi. Namadi ya ce aikin ƙwarai ya ƙare a ƙasar nan.

Da shinkafa ta shigo, ya ware abin da zai iya warewa ba tare da gida ya ji ba, ya hau babur ranar kasuwar Lolo. Can akwai Badamasi, mai kawo kayan lantarki na hannu daga Kwatano, mutumin da bai taɓa yi wa mai saye gardama ba.

Badamasi ya jera masa monita uku a kan benci. Na farko babba ne, araha, amma ba VRR. Namadi bai ko taɓa shi ba. Na biyu mai lanƙwasa ne, sabo a kwali, yana da komi, har da farashin da zai cinye takin baɗi. Na uku ƙarami ne, an ɗan goge shi a kusurwa, ƙafarsa tana rawa, sai dai a bayansa ga haruffan nan uku. Namadi ya duba mashigar waya, ya tambayi iyakar saurinsa, ya tambayi inda yake sarewa in wasa ya yi nauyi. Badamasi ya amsa abin da ya sani, sauran ya amsa da murmushi.

Aka tada janareta, aka jona ƙaramin monitan da tsohuwar kwamfutar shago. Fili ya fito kore shar. Layin ya karye, daidai inda ya saba.

Namadi ya ɗora yatsa a wurin. Badamasi ya sunkuya ya duba, ya jima yana dubawa, sannan ya miƙe.

“Malam Namadi, wagga kwamhuta tawa ta tsuhwa,” in ji shi. “Abin nan sai ɓangare biyu sun yarda. Ka kai shi gida, taka za ta yi.”

Wannan gaskiya ne, Namadi ya karanta haka da kansa. Don ya tabbatar, ya sa aka gwada mai tsadar ma. Shi ma ya tsage. Hankalinsa ya kwanta ƙwarai, tunda ga shi mai tsada bai fi mai araha da komi ba. Aka naɗe ƙaramin da bargo, aka ɗaure a bayan babur, ya kamo hanyar Bagudo a hankali kamar ya ɗauko mai jego.

Ya iso bayan la'asar. Bai cire takalmi ba ya jona monitan da kwamfutarsa da sabuwar wayar haɗi, ya shiga saituna ya kunna VRR. Kwamfutar ta amsa, monitan ya amsa, 'yar alama ta bayyana a kusurwa. 'Yan wasa suka fito suna gudu sumul, irin gudun da bai taɓa gani ba. Ko shi ya san an samu canji.

Layin kuwa yana nan a karye.

Ya kashe ya kunna. Ya sauya waya. Ya rage nauyin wasan har 'yan ƙwallon suka koma kamar gumakan laka. Daga nan ya zauna yana lissafa yadda zai faɗa wa mutanen Tsamiya su nemi wani, da abin da zai faɗa wa Badamasi ran kasuwa mai zuwa. Ya miƙa hannu ya zare wayar wuta, allon ya yi baƙi.

Safina ta shigo da kwanon fura, ta tsaya a gabansa.

“Baban Ni'ima, ya gyaru?”

Namadi ya ɗago zai ba ta amsa. Karan hancinta a karye yake, rabin fuskar ya goce ya bar rabi. Ya ɗaga tafin hannu a hankali ya rufe idonsa na dama, sai fuskar ta haɗe.