Akun Da Ke Cewa Koma Kicin

Sarkin Tsalle ya sake faɗawa teku a cikin wasan, ita kuwa da ke kallonsa ta ƙara wa wayarta murya.

Kai tsaye yake sharhin wasannin bidiyo, dubban mutane na kallo, abin da ya yaba a saya, abin da ya kushe ya mutu. Bara ya kashe mata wasan da ta yi shekaru tana ginawa a ɓoye da sunan aro. Ko rabinsa bai buga ba ya ce, “Wanda ya yi wannan ya koma kicin.” Mutane suka yi dariya, ciniki ya tsaya cak. Maganar ta ci mata rai, ba ta kuwa yafe ba.

Sai ta yi wa wasan ƙari: 'yan fashin teku, tsibiri ɗaya, jirgin ruwa ɗaya. An ce ramin mugunta a gina shi gajere, ta bi shawara.

Da farko har yabo ya kuɓuce masa. Ya ce ruwan ya yi kyau, kiɗan na shiga jiki, lilo da igiyoyin jirgi akwai daɗi. Ya kushe gajartar wasan, ya ce abokan gaba duk fuskarsu ɗaya, kuma kafin shayinsa ya huce zai gama. Nan ma bai yi ƙarya ba, sai a zancen shayin.

Can saman jirgin akwai wani tsalle daga igiya zuwa ganga. Ba wuya gare shi, haƙuri kawai yake so, a bari igiya ta dawo. Sarkin Tsalle kuwa bai taɓa jiran komai ba a rayuwarsa, ga babban yatsansa na hagu da ke ƙagewa in ransa ya ɓaci. A kan wannan yatsan ta auna tazarar.

Duk faɗuwa ɗaya, sai akun kyaftin ɗin jirgin ya leƙo ya ce, “Koma kicin.”

“Wasan nan a lalace yake,” in ji shi, gumi na tsattsafo masa. Masu kallo suka fara rubuto cewa 'ya'yansu sun wuce wurin tun ɗazu. Wasu suka saya don su gwada, suka wuce, suka dawo suna taya aku. Ta ga ciniki na hawa, ta ji sanyi har cikin ƙashinta.

Ya kashe kyamara ba sallama. Wani abu ya daki bangon da ke gefenta, har cokula suka motsa.

Ta kife wayar, ta ɗauki faranti ta tura ƙofar ɗakin da ke kusa.

“Kin ga wulaƙancin da wani ɗan iska ya yi min?”

“Ina zan gani, maigida?” Ta ajiye masa sabon shayi. “Ai tun bara ina kicin, inda ka tura ni.”