Damina Shida a Jikin Bango

Yallabai, ka ce in bar gurbin nan na littafin awonmu yadda na same shi, wai abin da na'ura ba ta auna ba ya tafi ke nan. Da girmanka, amma ba zan bari ba. Ka saurari misali guda, in na gama sai ka yi min faɗan.

An yi wani gari a bakin rafi, ma'aunin ruwan samansa yana kafe a harabar ofishin gona. Wata rana akuya ta ture shi ya fashe. Aka rubuta takardar neman sabo, aka yi damina shida ana jira. Malamin da ke cike littafin awo mutum ne mai gudun ƙarya, saboda haka kullum sai ya rubuta "babu", yana nufin babu awo. Ya gama aikinsa ya koma ƙauyensu. Bayan shekaru aka tashi yi wa garin gada, wadda ta kanta kaɗai za a riƙa kai hatsi kasuwa, a kai marar lafiya asibiti. Masu zane a birni suka buɗe littafi, suka ga "babu" shafi bayan shafi, suka karanta babu ruwa. Suka haɗa da sauran shekaru suka raba, lissafi ya ce rafin ba shi da wani ƙarfi. Gajeriyar gada ta ishe shi.

Cikin masu awon ƙasa da aka tura akwai wani sabon ma'aikaci da abin bai kwanta masa ba. Damina shida babu ruwa, amma rumbuna a tsaye, kuma ba wanda ya yi ƙaura? Ya bi gida gida yana tambaya, har aka kai shi wurin wata tsohuwa mai daddawa. Ɗakinta na yoyo a kusurwa guda, ɗanta kuwa kullum cewa yake zai gyara badi. Don ta kunyata shi, sai ta ajiye kasko a ƙarƙashin yoyon, duk ruwan da aka yi ta ɗauki gawayi ta ja zane a bango. Gajeren zane, ruwa ya jiƙa gindin kasko. Dogo, kasko ya cika. Da'ira, ranar da rafi ya hauro har dokin ƙofa. Kowace damina da layinta, kowane layi da sunansa a bakinta: shekarar da jaki ya faɗa rijiya, shekarar auren 'yar maƙwabta. Layi goma sha biyu.

"Ɗan nan, ni ba boko na yi ba," ta ce wa ma'aikacin. "Shaida nake tarawa a kan wancan mai daɗin bakin."

Ɗan nata, dattijo da furfurarsa, ya sosa ƙeya. "Haba Inna, ai na ce badi."

"Ka ji ko? Badin nan ta kusa yin jika."

Ma'aikacin bai yi dariya ya wuce ba. Ya zauna ya buɗe littafin ofis a cinyarsa. Layi uku na farko sun faɗa kafin akuya ta yi ɓarna, uku na ƙarshe bayan sabon ma'auni ya iso. Inda littafi ya ce an yi manyan ruwa uku a jere, bango ma dogayen zane uku ne a jere. Inda littafi ya nuna ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, bango ma zane ya yi ƙaranci. A cikin shida na tsakiya kuwa, waɗanda birni ya karanta babu, akwai da'ira biyu.

Ya koma da hoton bangon. Manya suka kwashe da dariya, suka ce yaushe gawayi ya zama kimiyya. Suka tura masa zanen gada don ya sa hannu, sai ya mayar da biro aljihu. Ya ce su nuna masa wuri ɗaya da bangon ya saɓa wa littafinsu a shekara shidan da suke da awo, shi kuma zai sa hannu nan take. Suka duba, suka sake dubawa. Ba don suna so ba aka ɗaga gadar kamu uku. A damina ta uku bayan ginin rafi ya kawo, ya shafe inda tsohon zanen gada ya so a tsaya, ya bi ta ƙarƙashin sabuwar gada saura tazarar tafin hannu, amalanke na wucewa ta sama ɗauke da buhunan gero. Ba wanda ya je yi wa tsohuwa godiya. Ɗanta ne dai ya zo da kwanon rufi a ka, ta tare shi a bakin ƙofa, ta ce, "Sai yanzu da yoyona ya samu aikin gwamnati?"

To, Yallabai, gurbinmu shekara huɗu ne, na ruwa da na zafi. A garuruwan nan akwai marinin da ya san zafin kowace bazara daga kwanakin da baban rini ke yi a karofi kafin ya nuna. Akwai tsohon malamin firamare da har yau yake kafa gwangwanin auna ruwan sama a tsakar gida. Ranar Litinin zan kama hanya. Abin da ya yi daidai da awonmu in ɗauka, abin da ya saɓa in zubar, amma "babu" ba za ta shiga littafi da hannuna ba alhali masu garin suna raye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.