Tsakiyar Burodi

Da ta leƙa takardar ɗan ajinsu lokacin hutu, ta ga ya zana rigarta da gashinta, amma idanun na ƙawarta ne. Tun safe take zaune masa a ɗakin zane yana zana ta, sanyin garin Kanazawa na cin ƙafarta, ko wuya ba ta motsa ba, ashe shi wata yake gani.

Ƙawar ma ta gani. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na rantse miki ban sani ba."

"Na sani, sarkin kuka. Miƙo min burodin nan."

Haka su ukun suka saba, su cinye ɓawon, su ajiye tsakiyar mai laushi don goge gawayin da suke zane da shi.

Ta koma kan nata zanen, wanda za ta kammala karatu da shi: su uku a kan benci, shi a tsakiya. Ta murza burodi, ta fara da fuskarsa.

"Ke, lafiyarki kuwa?" in ji shi. "Jibi fa za a rataye zanen."

"Matsa, kana tare min haske."

Ta goge shi har kafaɗa, har hannun da ya ɗora a bayan benci, yatsunta suka yi baƙi ƙirin. Inda yake zaune a da, takarda ta koma fari fat kamar an buɗe taga, hasken ya sauka a fuskokin 'yan mata biyu.

Ta raba ragowar ɓawon, ta miƙa wa ƙawarta rabi.